Manhajar Kyauta: Wa Ke Riƙe Da Akalarta?

Ran 30 ga watan Yuni na 2024 ne wa'adin wata babbar manhaja mai suna CentOS 7 ya cika. Ba a yi shela a kasuwa ba, babu kuma na'urar da ta tsaya da aiki a ranar. Abin da ya faru kurum shi ne, daga wannan rana masu ita sun daina fitar da facin da ake toshe kafofin masu kutse da shi. Saboda haka duk kamfanin da har yanzu lissafinsa da sunayen abokan cinikinsa ke ajiye a kan wannan manhaja, ya zama tamkar mai kantin da maigadinsa ya bar aiki ba sallama, shi kuwa yana gida yana barci.

Wannan magana ta shafe mu a nan Nijeriya. Tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Lasisin manhajojin ƙasashen waje kuwa yawanci da Dala ake ƙiyasta shi. Don haka ba abin mamaki ba ne idan mai kamfani, ko shugaban asibiti, ko na makaranta, ya kira injiniyansa ya tambaye shi ko babu wadda ake samu kyauta. Amsa ita ce akwai, kuma masu nagarta. Amma a ganinmu tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce: wa ke riƙe da akalar manhajar, kuma shekara nawa ya yi alkawarin kula da ita?

Na'urori biyu ne ginshiƙin aikin kwamfuta a kowace ma'aikata. Ta farko ita ce babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana yi wa sauran hidima, wadda ma'aikata ke kira saba. Ta biyu ita ce rauta, watau na'urar da ke tsaye a bakin ƙofa tsakanin ofis da intanet, tana rarraba hanya tana kuma tare baƙin da ba a gayyata ba. Kowace daga cikinsu tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Idan aka ce manhaja buɗaɗɗiya ce, ana nufin asalin rubutunta a fili yake, kowa yana da izinin karantawa, ya gyara, ya kuma rarraba. Mafi shahara ita ce Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991.

DARASIN CENTOS

Kamfanin Red Hat na Amurka yana sayar da nasa samfurin Linux tare da alkawarin kula da shi har shekara goma. Da yake rubutun a buɗe yake, sai waɗansu masu sa kai suka riƙa ɗaukarsa suna sake harhaɗa shi suna bayarwa kyauta da sunan CentOS. Kamfanoni masu yawan gaske suka dogara da ita. A 2014 CentOS ta koma ƙarƙashin inuwar Red Hat, a 2019 kuma kamfanin IBM ya sayi Red Hat a kan Dala biliyan 34. Cikin watan Disamba na 2020 sai kwatsam aka ba da sanarwa cewa CentOS 8, wadda aka ce za a kula da ita har 2029, za ta ƙare a ƙarshen 2021. Wanda ya tsara aikinsa bisa shekara goma ya wayi gari da shekara ɗaya a hannu.

Nan da nan magada biyu suka fito a 2021, watau AlmaLinux da Rocky Linux, ta biyun a ƙarƙashin Gregory Kurtzer, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CentOS tun asali. Amma a watan Yuni na 2023 Red Hat ya sake ƙuntata hanyar da jama'a ke samun rubutun samfurinsa na sayarwa. Hujjarsa ita ce shi ke biyan albashin injiniyoyi, masu kwafa kuwa suna cin gumin wani. Ko an yarda da wannan hujja ko ba a yarda ba, kamfanin bai ɓoye cewa ciniki yake yi ba. Magadan nan biyu sun sami dabarar ci gaba, suna kuma aiki sosai har yau, amma mai ɗaukarsu ya san cewa tushensu yana gonar wani. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, ta sha bamban. Ba ta da kamfanin da ya mallake ta. Masu sa kai wajen dubu ne ke gudanar da ita, suna da tsarin mulki a rubuce, kuma kowace shekara suna zaɓen shugaba. Sabon samfuri yana fitowa kusan duk bayan shekara biyu, na 12 a 2023, na 13 a watan Agusta na 2025, ana kuma kula da kowanne kimanin shekara biyar. Ƙarfinta shi ne babu mai sayenta ya sauya mata alƙibla dare ɗaya. Rauninta kuwa shi ne idan saba ta tsaya da tsakar dare, babu ofishinta da za a buga wa waya a ce an biya kuɗi, a zo a gyara.

Ubuntu tana tsakani. Daga Debian aka tsamo ta a 2004, kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ke da ita. Duk bayan shekara biyu, cikin watan Afrilu, yakan fitar da samfuri mai dogon wa'adi wanda ake yi wa faci kyauta shekara biyar, wanda ya biya kuma a kai masa shekara goma. Ga ƙaramin kamfani tana da daɗin sha'ani, domin littattafan koyonta da masu saninta suna da yawa. Sai dai ita ma akalarta tana hannun kamfani guda.

BAKIN ƘOFA

Idan muka koma wajen rauta, labarin bai canza ba. pfSense, wadda aka gina a kan wata buɗaɗɗiyar manhaja mai suna FreeBSD, ta daɗe tana mai da kwamfuta ta yau da kullum ta zama katangar tsaro mai ƙarfi. Kamfanin Netgate na Amurka ne ke riƙe da ita. A 2021 ya raba ta biyu, ta jama'a da ta sayarwa wadda ba a buɗe take duka ba, a watan Oktoba na 2023 kuma ya daina ba masu amfanin gida ta sayarwar kyauta. Tun a 2015 wani kamfanin ƙasar Holan, Deciso, ya ɓalle da nasa reshen mai suna OPNsense, wanda ke fitar da babban samfuri sau biyu a shekara, Janairu da Yuli. Dukansu biyu suna iya haɗa layin intanet biyu, in ɗaya ya yanke ɗaya ya ɗauka. Wanda ya tuna ran 14 ga watan Maris na 2024, sa'ad da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma har aikin bankuna ya sukurkuce, ya san amfanin samun layi na biyu da ba ya bin hanyar na farko.

OpenWrt, wadda ta samo asali a 2004, ita ce ta ƙananan rautoci irin na kanti da reshen ofis. Ba ta bukatar babbar na'ura, ba ta kuma cin wuta, abin da ke da muhimmanci ga mai dogara da batir da hasken rana. Takan kuma tsawaita ran na'urar da masu ƙera ta suka daina kulawa da ita. Akwai VyOS ga manyan hanyoyin sadarwa, amma samfurinta mai dogon wa'adi na masu biya ne. Ya kamata kuma a gane cewa manhajar MikroTik ta ƙasar Latbiya, wadda injiniyoyinmu suka saba da ita ƙwarai, ba buɗaɗɗiya ba ce, ko da yake a kan Linux aka gina ta.

Kada wani ya ɗauka buɗewa ita ce tsaro. A 2018 masu bincike na kamfanin Cisco sun gano wata muguwar manhaja da ta shiga rautoci aƙalla 500,000 a ƙasashe 54, yawancinsu ta kafofin da aka riga aka sani. A ƙarshen watan Maris na 2024 kuma wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata saba ta gwaji ya ƙara jinkiri da kimanin rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa da wani ya dasa cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mai kula da ita, wanda kusan shi kaɗai ke ɗauke da aikin. Buɗewar rubutun ce ta sa aka kama shi, ƙarancin masu kula kuma shi ya ba shi hanya. Abin lura shi ne dashen bai kai ga tabbatattun samfuran Debian da Ubuntu da Red Hat ba, a na gwaji ya tsaya. Kamfanin da ke gaggawar sa kowane sabon abu a sabarsa, sai ya yi hattara.

Bisa ga wannan, shawararmu ga shugabannin ma'aikatu ita ce kada su sa hannu a kan kowace manhaja sai an rubuta musu ranar da wa'adinta zai cika, da sunan wanda ke da ikon sauya wannan rana. Banki ko babban asibitin da tsayawar sa'a guda za ta jawo masa asara mai yawa, gara ya biya Red Hat ko Canonical ya sami wanda zai riƙe. Matsakaicin kamfani mai ƙwararren injiniya zai zauna lafiya da Debian da OPNsense. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukuma cikin sa'o'i 72 idan aka yi masa kutsen da ka iya cutar da su, kuma cewa manhajar kyauta ce ba zai zama hanzari ba.

Daga ƙarshe, kuɗin da aka tsimi na lasisi ba riba ba ce duka. Lalle ne a ware wani kaso a horar da aƙalla mutum biyu, a kuma sa su rubuta yadda suka tsara kowace na'ura, domin kamfanin da ya kuɓuta daga hannun mai lasisi ya faɗa hannun injiniya guda wanda shi kaɗai ya san kalmar sirri, bai matsa ko'ina ba. Jami'o'inmu da kwalejojin fasaha su ma suna da nasu aikin, tun da koyar da waɗannan manhajoji ba ya bukatar ko Dala ɗaya ta lasisi, sai tsohuwar kwamfuta da malamin da ya san abin.