Sharhi: Tsakanin hannun matuƙi da kwamfutar jirgin sama

A ranar 28 ga Nuwamban 2025, kamfanin Airbus ya umarci a gyara manhajar jiragensa samfurin A320 kimanin 6,000 a faɗin duniya. Musabbabin shi ne jirgin JetBlue da ya taso daga Cancun zuwa Newark a ranar 30 ga Oktoba, wanda ya sunkuyar da kai ba tare da umarnin matuƙa ba, har wasu fasinjoji suka jikkata. Kamfanin ya ce tsananin hasken da rana ke fesowa na iya gurɓata bayanan kwamfutar da ke sarrafa jirgin.

Matafiyin da ya baro Kafanchan domin hawa jirgi a Abuja ko Kaduna yana da ruwa da tsaki a wannan batu. A tsofaffin jirage, igiyoyin ƙarfe ne ke haɗa sandar matuƙi da fikafikai da jela. A jirgin A320 kuwa, wanda ya fara jigila a 1988, motsin hannun matuƙi saƙon lantarki ne kawai. Kwamfuta ce ke karɓarsa, ta auna gudu da yanayin iska, sannan ta motsa fikafikan gwargwadon abin da ta ga ya dace. Ko da matuƙi ya kai sandar ƙarshenta, jirgin ba zai karkata fiye da digiri 67 ba, kuma ba zai ɗaga kai har iska ta daina ɗaukarsa ba. Boeing ya bi wata hanya a samfurin 777: sandar tana yin tauri a matsayin gargaɗi, amma matuƙin da ya dage zai rinjaye ta.

Sai dai wannan kariya ta dogara ne ga ingancin bayanan da kwamfutar ke samu. A 2009, ƙanƙara ta toshe na'urorin auna gudu na jirgin Air France mai lamba 447, kariyar ta janye, matuƙan suka ruɗe, mutum 228 suka rasu a Tekun Atlantika.

Nan ne aikin Najeriya yake. Na'urar kwaikwayon tuƙi ta Boeing 737 da ke Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya tana koyar da jirgi mai igiyoyi ne, alhali jiragen E195-E2 na Air Peace da A220 na Ibom Air duk kwamfuta ce ke sarrafa su. Ita ma hukumar NCAA na buƙatar sufetocin da za su bibiyi manhaja kamar yadda suke duba taya da inji.