Hawan jini ba yawan jini ba ne

A zagayen da muke yi na ajujuwan yaƙi da jahilci cikin Zango mun tarad da wurin wani ɗalibinmu babu kowa. Dattijo ne, mai sayad da fatu. Muka tambaya, aka ce ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. An taɓa auna shi a likita, an ce yana da tansiyo, an ba shi magani. Ya sha wata 2, ya ji sauƙi, ya ajiye. Da ciwon kai ya dawo sai ya kira wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya, wai jini ne ya yi masa yawa. Wannan magana ta "jini ya yi yawa" ita muke so mu warware yau, domin tana kwantad da mutane.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a garka, ko a Mirriya ko a bakin tabki, ya riga ya san rabin karatun. Inji yana tura ruwa, tiyo yana kai shi ga shuka. In ka sa babban yatsa ka toshe rabin bakin tiyo, ruwa zai fita da ƙarfi, tiyon ya yi tauri a hannunka, injin kuma ya sake murya. Ba a ƙara ruwa a rijiya ba, hanya ce ta ƙuntata. To, zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Babban mutum yana da jini wajen lita 5, kuma in yana hutawa zuciyarsa tana zagaya da kusan dukansa cikin minti 1. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, wajen sau 100,000 ke nan a kwana guda. Masana sun daɗe suna bin wannan sawu. Ibn al-Nafis, likitan da ya rasu a Alƙahira a 1288, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu, sa'an nan William Harvey na Ingila ya nuna zagayensa cikin jiki duka a 1628.

Amma jijiya ta fi tiyo, domin tana da rai. Ƙananan jijiyoyi suna da tsoka a jikinsu, suna tsukewa suna buɗewa da kansu. Manomi na huɗa, sai na ƙafafu da hannuwa su buɗe. Ya ci tuwo ya zauna, sai jini ya ƙaru wajen hanji. A cikin manyan jijiyoyin wuya da wadda ke fitowa daga zuciya akwai wasu ƴan gurabu masu jin ƙarfin turin jini, suna kai labari ga ƙwaƙwalwa dare da rana. Shi ya sa in mutum ya miƙe zumbur daga tabarma yakan ga duhu-duhu: jini ya gangara ƙafafu, kafin ƙiftawar ido kaɗan ƙwaƙwalwa ta sa zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyi su tsuke, ido ya washe. Ƙoda kuwa aikinta a hankali yake. Ita ke riƙe gishiri da ruwa ko ta zubad da su cikin fitsari.

Wannan turin shi ma'aikacin lafiya ke aunawa in ya ɗaura abin awo a damtse. Lambobi 2 yake faɗi. Na sama shi ne lokacin da zuciya ta matsa, na ƙasa lokacin da ta saki. A nan ƙasarmu akan ce 12 bisa 8, a Kano su ce 120 bisa 80, abu ɗaya ne. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, a ranaku 2 dabam dabam, hawan jini ne.

Masu cewa jini ya yi yawa suna da ƴar gaskiya a wuri ɗaya: gishiri yana riƙe ruwa cikin jini. Sai dai ɗan abin da ƙaho ke zuƙowa jiki yana mayad da shi ba da jimawa ba, jijiyoyin da suka tsuke kuwa suna nan yadda suke. Ba mu rena wanzamai ba, mun san matsayinsu a gari. Wannan dai ba aikinsu ba ne.

Batun gishiri yana da nauyi a bakinmu mu ƴan Zango, unguwar da ayarin raƙuma suka raya, inda kantun gishirin Bilma ya saba sauka tun zamanin kakanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 a yini, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Ku lissafa tukunyarmu: ga gishiri, ga dunƙulen miya na kanti wanda mafi yawansa gishiri ne, ga kanwa, ga yajin da ake barbaɗawa a tsire da kilishi. Daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen tumatir suna ba miya daɗi, kuma duk a gonarmu suke. Kanwa ma a lura da ita ga mai jego. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun ga mata da yawa zuciyarsu ta gaza bayan haifuwa, suka danganta abin da yawan kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya bisa gadon da aka hura wa wuta. Mai ciki da ƙafafunta da fuskarta suka kumbura, ko take ganin hazo-hazo, a kai ta awo ranar nan, kada a jira jijjiga.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan ciwo ba ya sallama. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa miliyan 1,300 a 2019, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ana cewa ciwon masu kuɗi ne, ko na mai yawan tunani. Mun ga ɗan ga-ruwa da shi, mun ga mai daka. Maganin likita kuwa riƙe turin yake yi, ba ya kawad da ciwon gaba ɗaya, don haka jin sauƙi ba dalilin ajiye shi ba ne. Mun san kuɗinsa kowane wata nauyi ne ga talaka. A gaya wa likita gaskiyar aljihu, ya duba mai rahusa, ya fi a yanke a ɓoye.

Ga shawararmu ga malaman ajujuwa da kwamitocin unguwa. Wanda ya iya karanta 12 da 14 ya iya karanta awonsa. Kowane aji ya nemi ma'aikacin lafiya na CSI ɗin unguwarsa ya zo da abin awo ko da sau 1 cikin wata 3, a auna maza da mata, mai ciwon kai da marar ciwo. Kowa ya buɗe shafin ƙarshe na littafinsa ya ja layi 3: kwanan wata, lambar sama, lambar ƙasa. Ranad da zai je likita ya tafi da littafin.