Ƙarfi ba a cikin kwalba yake ba

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Facebook kwanakin nan ya ga irin tallar: saurayi ƙirji a buɗe, damtse kamar turmi, riƙe da wata kwalba yana rantsuwa wai ita ce sirrinsa. "Maganin jijiya ne, yana ƙara ƙarfin ɗaga ƙarfe, turo saƙo ta inbos." Kafin ka ƙifta ido, mutum ɗari sun tambayi farashi. Babu wanda ya tambayi me ke ciki.

Kada ka ɗauka abin na 'yan Kano da Abuja ne kaɗai. A nan Babban Mutum, cikin ƙaramar hukumar Baure, samari sun daɗe da haɗa nasu wurin motsa jiki: gwangwani biyu a cika da siminti, a soka ƙarfe a tsakiya, shi ke nan. Ga masu sha'awar dambe, ga masu bibiyar kokawar Nijar da ke mafarkin zama Issaka Issaka. Wannan abin yabo ne, don saurayin da ke zufa da yamma ya fi wanda ke zaman majalisa yana gulma. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ake haɗiya kafin a fara da bayan an gama.

Mu fara da kalmar kanta. A Hausa, hanyar jini jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ce, zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa da laka zuwa gaɓoɓi shi ma jijiya ne. Kalma ɗaya, abu uku. Mai talla na jin daɗin wannan, domin idan ya ce "maganin jijiya" kowa zai fassara da ciwon da ke damunsa. Don haka tambayar farko ita ce: wace jijiyar?

Gaskiya ne jijiyoyin saƙo suna da babban aiki a ƙarfin mutum. Tsoka ba ta motsi sai an ba ta umarni. Shi ya sa wanda ya fara ɗaga ƙarfe yake ganin ƙarfinsa ya ƙaru a makonnin farko alhali damtsensa bai canza ba: ƙwaƙwalwarsa ce ta koyi tayar da zaruruwan tsoka masu yawa a lokaci guda. Atisaye ne ya koya mata, ba ƙwaya ba. Amma idan ya soma shan wani abu a daidai lokacin, sai kwalba ta kwashe yabon da guminsa ya jawo.

To me ke cikin kwalaben? Yawanci bitamin B1 da B6 da B12 ne, sai sinadarin maganisiyam, wani lokaci da kafeyin, wato abin da ke sa goro da kofi su hana barci. Duka jiki na buƙatar bitamin ɗin nan da maganisiyam. Sai dai buƙatar kaɗan ce: saurayi na neman kimanin miligiram 1.3 na B6 a rana, B12 kuma maikurogiram 2.4, maganisiyam kimanin miligiram 400. Wanda ke da ƙarancinsu zai amfana idan aka ba shi. Wanda jikinsa ya wadata, ƙari ba ya ƙara masa ƙarfi. Tulun da ya cika, ko ka ƙara ruwa zubewa zai yi.

Da ma a ce zubewa kawai yake yi, da sauƙi. B6 ɗin da ake tallatawa a matsayin mai gyara jijiya, idan ya yi yawa, shi ke lalata ta. Alamun su ne ƙafafu da hannuwa su riƙa mutuwa, ko zafi kamar an zuba barkono, ko tsikari kamar ana soka allura, har tafiya ta gagara daidaita. Amurka ta sa iyakar miligiram 100 a rana ga babba. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sake nazari a 2023 ta sauko da tata iyakar zuwa miligiram 12. Ostireliya kuwa ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk wanda ke ba da fiye da miligiram 10 a rana. Alhali akwai ƙwayoyin bitamin B masu ƙarfi a kemis ɗinmu da ke ɗauke da miligiram 100 ko 200 a ƙwaya ɗaya. An yi su ne don marasa lafiya, na ɗan lokaci, bisa umarnin likita.

Ina da aboki da ya sha irin wannan safe da yamma wata da watanni, yana korawa da lemon ƙara kuzari, wanda shi ma akwai B6 a cikinsa. Da tafin ƙafarsa ya fara mutuwa, sai ya ce ai jijiya ce, ya ƙara yawan maganin jijiya. Sai da ya je asibiti likita ya sa ya zazzage ledar magungunansa a kan tebur sannan aka gano bakin zaren. Ya daina, amma ya ɗau watanni kafin ƙafar ta dawo daidai. Garin neman gira, saura ƙiris ya rasa ido.

Matsala ta biyu, ba kullum abin da ke rubuce a jikin kwalba ne ke cikinta ba. Wani bincike da kwamitin wasannin Olamfik na duniya ya ɗauki nauyi, aka wallafa a 2004, ya gwada kayayyakin ƙarin gina jiki 634 daga ƙasashe 13. An samu 94 daga ciki, kusan kashi 15 cikin ɗari, ɗauke da sinadaran sitiroid da ba a rubuta a jikinsu ba. Yawancin ƙasashen nan na Turai ne da Amurka, inda ake da sa ido. To ina ga garin hoda da aka ƙulla a leda, ba suna, ba lamba, aka aiko maka a mota?

Ta uku ita ce mafi muni, kuma mun san ta ko ba mu faɗa ba. Daga "maganin jijiya" zuwa tiramol taku ɗaya ne. Ana ce wa yaro yana hana gajiya, yana sa ka yi aikin mutum uku. Tiramol ba ya ƙara ƙarfi. Toshe saƙon zafi yake yi, saƙon da ke gaya maka ka tsaya kafin ka yaga tsoka. Yana kama mutum ya kasa bari, kuma da yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ka yi tunanin wannan ta kama mutum ƙarfe na saman ƙirjinsa. Binciken shan ƙwaya na ƙasa na 2018, wanda aka yi da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ƙiyasta 'yan Najeriya miliyan 4.6 na shan ire-iren waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta tiramol a lokacin gasa. Duk mai burin wasa ya kai shi waje, ya san da wannan.

Wani zai ce, to ku 'yan boko komai sai ku ce haɗari ne? A'a. Mai shan maganin tarin fuka ana haɗa masa B6 don kare jijiyoyinsa. Wanda gwaji ya nuna yana da ƙarancin B12, allura ko ƙwaya na ceto shi. Sinadarin kiriyatin, giram 3 zuwa 5 a rana, yana cikin 'yan kaɗan da bincike ya tabbatar suna taimaka wa mai ɗaga nauyi, in dai na gaske ne kuma ƙodarsa lafiya lau. Bambancin shi ne sanin me kake sha, nawa, don me, har yaushe.

Abin dariya, abin da ake sayar mana da tsada yana cikin akushinmu. Gero da wake da gyaɗa da riɗi na ɗauke da maganisiyam da B1. Nono da ƙwai da kifi da hanta su ke ba da B12, wanda ba a samun sa sai a abincin da ya fito daga dabba. Fura da nono ɗaya ta haɗa ɓangarorin biyu. Shago da Ɗan Anace ya wasa bai taɓa jin sunan kiriyatin ba. Sannan ga barci: awa bakwai zuwa tara, a nan jiki ke gyara kansa. Wanda ya raba dare yana danna waya, babu kwalbar da za ta biya masa wannan bashin.

Matsayinmu a wannan shafi a fili yake. Kafin ka saya, juya kwalbar ka duba miligiram na B6. Duba lambar NAFDAC, ka tabbatar da ita a manhajarsu ta Greenbook, kuma ka sani lamba ba ta nufin hukumar ta amince da duk alƙawarin mai talla. Abin da ba shi da suna, kada ya shiga bakinka. Idan hannu ko ƙafa ya fara mutuwa, ajiye komai, kwashi ledar ka tafi asibiti. Ku kuma manyan da ƙanne ke kallo a wurin atisaye, da masu mabiya dubbai da ake biya su ɗaga kwalba, ku ji tsoron Allah: yaron da ya saya saboda ya ga fuskarka, haƙƙinsa na wuyanka. Masu kemis su ma su riƙa tambaya kafin su miƙa, NAFDAC da NDLEA kuma su shigo kasuwannin ƙauye da shafukan sada zumunta, inda cinikin yake.

Ɗan'uwa, damtse na zuwa a hankali, kuma ko ya zube ana sake gina shi. Jijiyar da ta lalace ba lallai ta dawo ba. Idan kana da abokin da ke yawo da irin wannan leda, tura masa wannan rubutu yau.