Wa Ya Ce Kifi Ba Shi Da Kunne?

Yau da haushi na zo, don haka wanda ya zo neman labarin nishaɗi sai ya yi haƙuri.

A ranin da ya wuce na raka wani ƙanena gonarsa ta fadama a bakin wani kogi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Kafanchan. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Muna zaune a inuwa sai na ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashina, sannan wani irin "dum" mai nauyi ya biyo baya. Duk wanda ya zauna a kudancin Kaduna a shekarun nan ya san abin da zuciya ke fara rayawa in an ji irin wannan ƙara. Na miƙe zan nemi hanya, ƙanena ya ce, "Yaya, zauna, yara ne ke su." Ashe nakiya suka jefa a gurbi. Da muka ƙarasa, saman ruwan ya yi fari da cikin kifi, yawancinsu ba su kai tsawon yatsa ba. Na ce wa babbansu, wani saurayi da bai wuce shekara ashirin ba, "Kai yaro, ba ka san ko waɗanda ba su mutu ba kun kurumtar da su ba?" Ya dube ni kamar wanda ya sha wani abu, ya ce, "Haba Baba, kifi kuma yana da kunne ne?"

Yaron nan ban riƙe shi a zuci ba. Wanda ya ba ni haushi wani abokina ne, mai digiri biyu, da na ba shi labarin da yamma. Cewa ya yi, "Malam, ka daɗe a Turai har ka manta inda kake. Ana kashe mutane a ƙauyukanmu, cuta ta cinye citta a 2023 manoman Kachia da Jaba ba su gama farfaɗowa ba, kai kuma kana kukan kunnen kifi." Kowa a wurin ya yi dariya. To wannan dariyar nake so in amsa.

Da farko dai, kifi yana da kunne. Ba a waje yake ba kamar namu, a cikin ƙoƙon kai yake. Kuma kifayen da muka fi ci a nan, tarwaɗa da ramboshi da ƙurungu da ragon ruwa, suna cikin waɗanda suka fi ji. Akwai wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa da suka haɗa jakar iskar da ke cikinsu da kunnen, sai jakar ta zama kamar fatar ganga, duk abin da ya girgiza ruwa ta kai shi kunne. Wanda ya taɓa kama ƙurungu da hannu ya san yana kuka, ƙiiƙ-ƙiiƙ, da gindin ƙayar haƙarƙarinsa yake yi. A kogin Neja ta ɓangaren Mali masu bincike sun naɗi muryar wani ɗan ƙaramin kifi dangin miligi, namijin yana gurnani da dare yana kiran mace zuwa sheƙarsa. Wato abin da muke ɗauka shiru ne a ƙarƙashin ruwa, kasuwa ce ke ci. Ruwan damina da ya yi jawur, ido bai ganin komai cikinsa, da me kake tsammani kifi ke gane abokin aure, ko ya san tsage na tafe? Sauti kuma a ruwa ya fi gudu: kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, alhali a iska wajen 340 ne. Ya ninka fiye da sau huɗu, kuma yana nisa kafin ya mutu.

Nakiyar da yaran nan suka jefa, jakar iskar nan take fasawa. Wanda ya taso sama shi suke kwasa. Da yawa nitsewa suke yi su ruɓe a ƙasa, ba wanda ya ci, ba wanda ya sayar. Ƙwai da 'ya'ya sun tafi. Gurbin da zai ciyar da ƙauye rani guda an cinye shi a wuni ɗaya. Kuma ba wai babu doka ba. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta hana su da nakiya, da guba, da lantarki, ƙarara. Fiye da shekara talatin ke nan tana kwance a takarda. Ni dai a tsawon zamana a nan ban taɓa cin karo da jami'in da ya zo bakin kogi saboda ita ba. Ina yaro Gamalin ake zubawa, yanzu an ƙara da nakiyar masu fasa dutse. Ci gaban mai haƙar rijiya.

Mai karatu zai ce to wannan kashe kifi ne kai tsaye, ina ruwansa da ƙara? Ai nakiya ƙara ce da ta kai maƙura. Ƙasa da ita akwai wadda ba ta kisa nan take amma ba ta tsayawa: injin ban ruwa da aka dasa bakinsa a kogi tun asuba, injin tsotsar yashi, tifa da ke shiga har tsakiyar rafi, jirgin inji a manyan koguna. Ka je Matsirga ka tsaya kusa da inda ruwa ke faɗowa, za ka ce ai ga ƙara nan tun fil azal kuma kifi bai ƙare ba. Gaskiya ne. Amma wannan ƙara ce da halittun wurin suka tashi da ita, a wuri ɗaya take, wanda bai so ya matsa gaba. Tamu ita ce ke bin su har ɗaki.

Yanzu bari in kai mu teku, kuma kada wani ya ce mun yi nisa da ita. Ruwan da ya sauka a duwatsun Kagoro da ƙasar Jama'a, wani ya bi Gurara, wani ya bi Mada, wani ya bi kogin Kaduna, duka Neja da Binuwai suke faɗawa, su haɗu a Lokoja su gangara. In kuma wannan bai isa ba, leƙa tukunyar gidanku. Kifin ƙanƙara da ake saya a kasuwar Kafanchan, da busasshen kifin Nowe da 'yan'uwanmu Ibo ke sayarwa, ba a rafin bayan gari aka kamo su ba.

A teku babbar nakiya ita ce ta masu neman mai. Jirgi ne ke jan jerin bindigogin iska, suna saki kusan duk bayan daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, dare da rana, makonni, wani lokaci watanni. Ƙarar na ratsa ruwa ta shiga ƙasan teku ta dawo, da amsa-kuwwar ake zana inda mai yake. A 1992 masu bincike na ƙasar Nowe suka gwada abin a tekun Barents, inda irin wancan busasshen kifin ke fitowa: suka auna kamu kafin a fara harbi, da lokacin da ake yi, da bayansa. Kamun ya faɗi da kusan rabi a faɗin yankin, a daidai inda ake harbin kuma ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma kwana biyar bayan an daina bai dawo ba. A 2017 wasu a Ostireliya suka nuna cewa bindiga ɗaya tak tana kashe 'yan mitsi-mitsin halittun da kifi ke ci har nisan fiye da kilomita ɗaya. Wannan ba maganar tausayin dabba ba ce, maganar tukunya ce.

Akwai kuma manyan dabbobin teku masu shayarwa, wel da dolfin, waɗanda da kunne suke gani. A watan Maris na 2000 guda 17 suka faɗo gaɓa a tsibiran Bahamas bayan jiragen yaƙin Amurka sun wuce suna amfani da na'urar laluben jiragen ƙarƙashin ruwa da sauti. Da aka feɗe waɗanda suka mutu, an sami jini a kunnuwansu, kuma rundunar ruwan Amurka da kanta ta amsa a 2001 cewa na'urarta ce. A Satumban 2002 wasu 14 suka faɗo a tsibiran Kanari, nan gefen Maroko, lokacin wani atisayen soja. Sifen ta hana amfani da na'urar a kewayen tsibiran a 2004, kuma da masana suka waiwaya a 2013 ba a sake ganin irin wannan mutuwar taron ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na mashigin Fundy a Kanada. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 zirga-zirgar jirage ta ragu na ɗan lokaci, teku ta yi shiru, sai aka ga sinadarin damuwa a jikin wel ɗin wurin ya sauka. (Daga kashinsu aka auna, Allah Ya saka wa wanda ya yi wannan aiki.) Wato duk sauran kwanakin shekara a cikin tashin hankali suke, ba mai harbinsu, ƙarar farfela kawai.

Wani zai ce can su ƙarata. To su wel masu doro da ke tasowa daga can kudancin duniya, ina suke zuwa haihuwa tsakanin Yuli da Oktoba? Mashigin Gini, gaban Gabon da Najeriya da Benin, daidai inda rijiyoyin manmu na cikin teku suke. Akwai wani dolfin da babu shi ko'ina sai gaɓar Afirka ta Yamma, wanda tun 2017 aka sa shi a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Mu kuma muna da namu a gida: ayu. Tana Binuwai, tana Neja, an san ta a tafkin Pandam a jihar Filato. Bahaushe bai san ta da komai ba sai mai, man ayu a 'yar kwalba wajen masu kayan mata. Dabba ce da uwa da ɗa ke kiran juna da murya a ruwan da ba a ganin tafin hannu. Mun bi ta da mashi da raga, yanzu mun ƙara mata da inji.

Na zauna shekaru a Aberdeen, garin masu mai na Sikotilan, kuma abin da na gani can shi ya sa ba na karɓar uzurin "ba za a iya ba". Tun 1995 Birtaniya ke da ƙa'ida: kafin a fara harbi sai an sa mutum a kan jirgi ya duba kewaye aƙalla rabin awa, in an ga dabba cikin mita 500 a dakata, in za a fara kuma a fara a hankali a ɗauki minti ashirin ana ƙarawa don mai gudu ya gudu. Ƙa'idar ba ta isa ba, masana na sukar ta, ba ta kuma yi wa kifi komai. Amma kamfanoni na bi, kuma ba wanda ya karye. A Afirka ta Kudu ba Turawa ne suka tashi ba, masuntan ƙauyukan gaɓar Gabashin Kef ne suka kai Shell kotu, kotun Makhanda ta tsayar da aikin a Disamban 2021, a Satumban 2022 ta soke izinin, duk da shari'ar ta ci gaba a manyan kotuna. Hujjar da ta fi burge ni ita ce ba a tuntuɓi mutane yadda ya kamata ba: an buga sanarwa a jaridun Turanci da Afirkans da 'yan ƙauye ba sa karantawa, an gana da sarakuna, aka ce an gama. Wannan bai yi maka kama da wani wuri da ka sani ba?

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, kuma a wannan karon karin maganar ta faɗo daidai kan taswira. A Nuwamban 2022 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe. A Maris 2023 aka fara haƙa rijiyar Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi ta jihar Nasarawa, maƙwabciyarmu, tsakanin Doma da Awe ɗin. Kowa ya yi guɗa, Arewa ta sami mai. Ni ma ba na ƙin arziki. Amma neman mai a tudu ma da girgiza ƙasa ake yi, ko da nakiya a rami ko da manyan motoci masu jijjiga, kuma kwarin Binuwai fadama ne da tafkuna inda kifi ke ƙwai da damina. Muna da dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992. Muna da ƙa'idojin hayaniya da hukumar NESREA ta fitar a 2009, waɗanda in ana bin su da lasifikar masallaci da ta coci da janaretan maƙwabcina sun bar ni na yi barci. Muna da sabuwar ma'aikatar tattalin arzikin teku da aka ƙirƙira a Agustan 2023. Takardu ba su yi mana kaɗan ba. Mutanen da ba sa jin ƙarar da ke kashe musu kunne a unguwa, su ne za su ji wadda ke ƙarƙashin ruwa?

Abin takaicin shi ne kakanninmu sun fi mu sanin wannan. Masunci na gaske ba ya buga filafili a jikin kwalekwale in ya kusa gurbi, in kuma yana so ya koro kifi cikin koma, ruwan yake duka. Ya san yana ji. A Argungu, inda ake bikin su tun 1934, ana hana taɓa gurbin Matan Fada tsawon shekara sai ranar, kuma Sarkin Ruwa ne ke da magana. Hayaniyar ganguna da dubban mutane ta ɗan lokaci ce, sauran watannin ruwan na hutawa. Abokina mai digiri biyu zai kira wannan al'ada ko camfi, amma in Bature ya rubuta shi a mujalla ya sa masa suna, zai kira shi kimiyya.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Duk wanda zai girgiza ruwa ko ƙasar da ke kusa da ruwa a kwarin Binuwai, a karanta wa masunta rahoton da Hausa da Tibi da Jukun a bakin kogi, ba a fadar sarki kaɗai ba, kuma a kauce wa watannin da kifi ke ƙwai. A nan gida kuwa ba sai mun jira Abuja ba. Nakiya ba a gona take tsirowa ba, daga wurin fasa dutse take fita, kuma duk mai unguwa ya san yaron da ke da ita.

Na sake komawa fadamar makonni uku bayan haka. Ƙanena ya sa ƙugiya guda ashirin ya kwana, da safe ya ciro kaguwa ɗaya.