A Maida Darasin APP Darasin Ƙira na Gaske a Makarantun Gabi

A jadawalin makarantun firamare na Nijar akwai darasin da ake kira APP, wato ayyukan hannu masu amfani. Ya shiga manhaja tun ƙarshen shekarun 1980, da nufin yaro ya haɗa karatu da noma, kiwo da sana'a. Amma duk wanda ya yi lakkol a ƙauye ya san abin da lokacin nan ya koma a wurare da dama: shara, ɗibar ruwa, ko mushe, wato malami, ya cike gurbin da lissafin da bai ƙarasa ba. Wannan jarida na ganin ya kamata sa'o'in nan su zama darasin ƙira da fasaha na gaske, kuma kwamin, wato ƙaramar hukumar Gabi da ke gundumar Madarunfa, wuri ne da ya dace a fara gwadawa.

Ba kwamfuta muke nufi ba. Muna nufin a ɗora wa yaro matsala, ya auna, ya zana, ya ƙera, ya gwada, in abin ya ƙi ya nemo dalili ya gyara. Yaranmu kuwa sun riga sun yi rabin tafiyar. A dubi ɗan shekara takwas yana haɗa motar kara bayan girbi. Zai ɓare sillen, ya yanyanka totuwar daidai wa daida, ya soke su da tsinken ɓawon, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. In motar ta riƙa karkacewa, ya san taya ɗaya ce ta fi ƴar'uwarta, sai ya rage ta. Abin da babu shi ne wanda zai ce masa ya auna da santimita, ya zana a allo kafin ya yanka, ya kuma yi wa ƴan ajinsu bayanin abin da ya gyara. A yau in aka gan shi da motar nan a aji, ƙwacewa ake yi.

Matsalolin da za a ɗora darasin a kansu ba sai an nemo su daga nesa ba. Ga dajin Baban Rafi, wanda birnin Maradi ya daɗe yana cin itacensa, har ta kai aka kafa kasuwannin itace na karkara a farkon shekarun 1990 don a tsara sara. To, a sa ƴan ajin CM1 su kafa murhu uku a filin makaranta: na duwatsu uku, na laka da suka gina da hannunsu, da na ƙarfe irin wanda aka sani da Mai Sauƙi. A ba kowane murhu itace mai nauyi ɗaya, da tukunya iri ɗaya, da ruwa lita biyu. Wani ya riƙe agogo, wata ta rubuta mintin da ruwa ya tafasa, a auna itacen da ya rage. Mako mai zuwa a rage bakin murhun lakar, ko a ɗaga mazaunin tukunyar da yatsa biyu, a sake gwadawa. Yaron da ya yi wannan ya yi awo, ya yi ɗebewa da rabawa, ya cike jadawali, ya kuma koma gida da maganar da uwarsa za ta saurara.

Haka nan tukunya cikin tukunya. Wani malamin makaranta daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi suna da ita har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ƙaramar tukunya ce a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan na tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin, sai tumatir da yalo su ƙara kwanaki. Ƴaƴan masu lambu a bakin gulbi su ne suka fi cancanta su gano da kansu dalilin da ya sa take aiki sosai da rani amma ta yi rauni da damina.

Za a ce mana yaran da ba su iya karatu ba ina su ina ƙere-ƙere. Maganar tana da nauyi. A binciken PASEC na auna ilimin ɗalibai da aka yi a 2014, ɗaliban Nijar da suka kai ƙarshen firamare da isasshen iya karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. Sai dai ba mu ce a taɓa lokacin karatu ba. Lokacin APP muke magana a kai, wanda dama a banza yake tafiya. Kuma lissafin da aka yi da ma'auni a hannu ya fi zama a kai fiye da wanda aka haddace da harshen da yaro bai ji. Tun 1973 Nijar ta fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin tafiyar da ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Babu dalilin da zai hana yaron Gabi yin bayanin murhunsa da Hausa tukuna, sannan ya rubuta kalmomin da Faransanci.

Gargaɗinmu ga hukuma shi ne kada ta bi sawun maƙwabta. Lokacin da Najeriya ta shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka yi tsatsa a cikin akwatuna saboda babu lantarki, babu malamin da ya san kansu. Abin da ajin Gabi ke buƙata bai wuce mita, zarto, guduma, awartaki, almakashi, sikeli da igiya ba. Kwamitin CGDES mai kula da kowace makaranta zai iya sayensu ya kuma adana.

Wa zai koyar? Nan ne gizo ke saƙar. Malamai da yawa ƴan kwantiragi ne, ba a horar da su a wannan fanni ba, kuma ba adalci ba ne a jibga musu sabon kaya haka kawai. Amma kowane gari na da maƙeri, da mai ginin tukwane, da mai gyaran amalanke. A gayyato su aji sau ɗaya a wata, a ba su ladan ranarsu daga asusun kwamin. Maƙerin ya nuna yadda ake lanƙwasa bakin hauya, mushe ya tambayi yara dalilin da ya sa aka lanƙwasa ta haka, su zana. Wasu iyaye za su ce ba don ɗansu ya zama maƙeri suka kai shi lakkol ba. A tuna musu cewa makarantar fasaha ta Dan Kasawa da jami'ar Dan Dikko Dankulodo duk a Maradi suke, kuma yaron da ya saba awo da zane tun yana ƙarami ne zai fi jin daɗinsu. Kada kuma a ce maza su riƙe guduma, mata su je shara.

Mun san yankin na fama da ƴan bindigar da ke tsallako iyaka, kuma azuzuwa da yawa rumfunan kara ne da ba a kafa su sai an gama girbi. Gobarar da ta kashe yara aƙalla 25 a wata makaranta a Maradi a watan Nuwamba na 2021 ta isa ta sa duk gwajin da ya shafi wuta a yi shi a fili, nesa da zana, babba na tsaye.

Muna kira ga hukumar kwamin ta Gabi da sufetan firamare na yankin su zaɓi makarantu kaɗan, su ba malamansu horon mako guda kafin komawar Oktoba, sannan kafin ruwa ya sauka a baje abin da yaran suka ƙera a ranar kasuwa, kowane da zanensa da alƙaluman gwajinsa a gefe.