Ƙaryar Wat Dubu Uku da Muryar Ɗanƙwairo da Muke Binnewa

Duk wanda ya shiga shagon kayan lantarki a Gusau da niyyar sayen ƙaramar sifika ta ɗorawa kan tebur, da tambaya ɗaya za a tare shi: wat nawa kake so? Kafin ya amsa an sauko da kwali mai hoton walƙiya, an rubuta 3000W da manyan haruffa, an murɗa sauti har gilashin kanta yana rawa. Malamin makaranta daga Nahuce ko ma'aikacin jinya daga Tsafe sai ya ƙirga abin da ya tara na wata biyu ya miƙa, ya koma gida da akwatin da zai gajiyar da kunnensa kafin mako ya zagayo. Wannan lamba ƙarya ce. Ko da ma gaskiya ce, ba da ita ake auna abin da ya dace da kiɗanmu ba.

Lissafin da kwali ba ya so ka yi

Duba gefen lambar, za ka ga ƙananan haruffa: PMPO. Wai ƙarfin da na'urar za ta iya kaiwa a ƙiftawar ido. Babu wata ƙa'ida da ta ɗaure shi, kowane kamfani rubuta abin da ya ga dama yake yi. Ma'aunin da ake iya riƙe mutum da shi shi ne wanda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da sifika ke iya ɗorewa a kai. Rigimar tsohuwa ce. Tun 1974 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tilasta wa masu sayar da irin waɗannan na'urori na gida su bayyana ƙarfin da ke ɗorewa, saboda ƙaryar ta yi yawa. Abin da aka hana a can shekara hamsin da suka wuce, shi ake jibge mana a kwali.

Ga hanyar kama ƙaryar ba tare da injiniya ba. Kafar USB ta tsohon yayi a jikin kwamfuta tana ba da bolt 5 da rabin amfiya, wato wat 2.5. Wadda ta biyo ta, mai shuɗin baki, wat 4.5 take bayarwa. To, sifikar da ke shan wuta daga wannan kafa, daga ina za ta samo wat dubu? Tulu ba ya zubar da abin da ba a zuba masa ba.

Kuma kunne ba ya ji yadda kwali ke ƙirge. In ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara. Sai ka ninka sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninka. Mai zaune gaban tebur bai kai kamu biyu daga sifikarsa ba, 'yan wat kaɗan sun ishe shi har su yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar da babban mutum zai saurara lafiya ita ce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Wanda ya biya kuɗin ƙarar da ta wuce wannan, kuɗin kurumta ya biya.

Inda kiɗanmu yake zaune

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne inda ake wannan ciniki. Ƙasar nan ce ta haifi Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Ita ta haifi Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi. Me ake saurare a wurinsu? Magana. Jagora ya jefa baiti, 'yan amshi su karɓe, kotso ko taushi ya bi bayansu. Zambo da habaici da jerin asalin sarakuna duk a cikin kalma suke, in kalma ɗaya ta ɓace maka, ɗan waƙar ya tafi.

Kunnen ɗan Adam yana ji daga kaɗawa 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Amma abin da ke sa a gane magana yana tsakiya ne, shi ya sa wayar tarho ta dā take ɗaukar 300 zuwa 3,400 kawai, kuma ana fahimtar juna. A wannan tsakiya muryar mawaƙi take, da kalangu, da kukuma, da kuntigin Ɗanmaraya Jos. Hausa kuwa harshe ne da ƙaramin bambanci ke juya ma'ana: karin sauti ya raba kukan yaro da kukar miya, tsawon wasali ya raba garin da ake zama da garin tuwo, kaifin baƙi ya raba kafa da ƙafa.

Yanzu dubi abin da ake sayar mana: ƙaton akwatin wufa a ƙasa, da 'yan sifiku biyu marasa nauyi a sama. Kusan duk kuɗin ƙirar ya tafi ga akwatin da ke girgiza ƙirji. Tsakanin inda wufa ta tsaya da inda ƙananan suka fara, sau da yawa akwai rami, kuma cikin ramin nan kaurin muryar namiji yake faɗawa. Ga dundun da ya yi yawa yana danne abin da ke samansa. Sakamakon shi ne Ɗanƙwairo yana waƙa kamar an kifa masa ƙwarya.

Hujjar masu son dundu

Za a ce: ai ba kowa ke jin kiɗan fada ba, mu Ali Jita da Hamisu Breaker muke ji, kiɗan situdiyo kuwa sai da dundu. Akwai gaskiya a nan, kuma ban ce a sayi abin da ke ƙara kamar gwangwani ba. Sai dai su ma waɗannan, wa ke haddace kiɗansu? Baitocinsu ake haddacewa. Sifika mai faɗin inci huɗu a cikin akwatin katako tana ba da kaurin da ya ishi ɗaki, ba tare da ta haɗiye murya ba. In taron biki ne, a ɗauko hayar manyan lasifika. Tebur ba filin biki ba ne.

Za a kuma ce: mai kyau tsada gare ta. Lallai sifika irin Edifier R1280T, mai wat 42 na gaskiya, ta fi ƙarfin aljihun ma'aikata da yawa. Amma akwai ƙanana irin Creative Pebble, wadda kamfaninta bai ji kunyar rubuta wat 4.4 ba. Ba talla nake musu ba. Ina nuna cewa mai kayan kirki ba ya tsoron ƙaramar lamba. Ga kuma batun wuta. A yankin da wutar kamfanin Kaduna ke zuwa kamar baƙuwa, sifikar da za ta rayu da batirin kwamfuta ko ƙaramar sola ta fi wadda sai an tayar da janareta.

In za ka saya

Je da waƙarka a waya, wadda ka san kowace kalma a cikinta, kada ka yarda da wadda mai shago ya zaɓa. Sa a rage sauti zuwa yadda za ka ji a ɗakinka bayan isha'i. Sifikar banza a nan take tonuwa, domin ƙara ce rufin asirinta. Saurara ko kana raba muryar jagora da ta 'yan amshi. Sa labarun rediyo ka ji ko muryar mutum ce ko ta mai magana daga cikin rijiya. Juya bayanta ka karanta wutar da take sha, ka gwada da abin da kwali ya ce. Ɗaga ta ka ji nauyi. Ku yi magana a kan kwanakin da za ka iya dawo da ita kafin kuɗi su bar hannunka.

A gida, raba su biyu hagu da dama, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da wadda ke tsakaninka da kowace, su fuskanci kunnenka, ka ɗan janye su daga bango. Wannan ba ya cin ko kwabo. Ka kuma lura da abin da kake ba su: waƙar da aka matse, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, babu sifikar da za ta dawo mata da abin da ta rasa.

Jankiɗi ya rasu a 1973, Ɗanƙwairo a 1991. Abin da ya saura mana daga gare su 'yan faya-fayai ne da kaset ya riga ya cinye rabin haskensu. Bai kamata mu ƙarasa sauran da kuɗinmu ba. Gobe in mai shago ya tambaye ka wat nawa kake so, ce masa ya rage sauti tukuna.