Tsaron Teku Da Manomin Janbako

Mai yiwuwa ne manomin Janbako, can ƙasar Maradun, ya ƙare rayuwarsa bai ga teku ba, amma kuwa abin da ke aukuwa a kanta yana iske shi har gona. Fosfat ɗin da ake haɗa takin zamani da shi ta jirgin ruwa yake zuwa daga Maroko. In 'yan fashin teku suka matsa, sai kamfanonin inshora su ƙara kuɗi, ƙarin kuwa a kan buhun taki yake sauka.

A shekarar 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya, 130 a Mashigin Gini aka kama su. Nijeriya ta kafa dokar hukunta 'yan fashin teku a 2019, sa'an nan ta ƙaddamar da shirin Deep Blue a Ikko cikin watan Yuni na 2021, da jiragen sintiri na ruwa da na sama. Fashin ya ragu ƙwarai, babu musu.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne bakin tasha. A 2024 jami'an kwastan sun kama bindigogi 844 cikin kwantena guda a tashar Onne. Ga jama'ar da ɓarayin daji suka hana sakat, kwantenar da ta sulale ita ce abin fargaba.

Yarjejeniyar Yawunde ta 2013 ta tanadi musayar bayanai tsakanin ƙasashe, har ECOWAS ta haɗa Nijeriya da Binin da Togo da Nijar a shiyya guda mai cibiya a Kwatano. To, ga shi Nijar, maƙwabciyar Zamfara, ta fice daga ƙungiyar a watan Janairu na 2025, alhali iyakar da ke tsakani tana nan yadda take.